Layi Biyu da Aka Tsallake a Takardar Kofur Idi

Shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki mahaifina, Malam Idrisu Ɗanladi, daga ƙofar gidanmu da ke unguwar Yakité a birnin Bangui zuwa makwancinsa. Mutanen yankinmu na Kilomita Biyar ba su san shi da wannan dogon suna ba. Kofur Idi suke ce masa, tun daga dattawan sahun gaba a Masallacin Koudoukou har masu turin kura a kasuwa. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana na ga ya kamata in yi magana, domin akwai wani al'amari nasa da ya daɗe a wuyana, wanda sai bayan ransa Allah Ya nufa ya warware.

Kakana ɗan kasuwar goro ne da ya biyo hanya daga ƙasar Kano har ya yada zango a Bangui, ya yi aure, ya haifi Baba. Baba yana saurayi aka ɗauke shi sojan Faransa, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa yaƙin ƙasar Indoshin, can bayan teku. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da tabo mai zurfi a ƙugu, da lambobin yabo guda biyu: ɗaya ta jarumta, ɗaya ta waɗanda aka raunata a fagen daga. Ya buɗe ɗan shagon sukari da ganyen shayi da sabulu, a ciki ya ci da mu har ya tsufa. Ba mai yawan labarin yaƙi ba ne. In muka matsa masa sai ya ce, "Ruwa da sauro da tsoro, shi ke nan abin da ke can." Lambobin kuwa suna cikin wani gwangwanin alewa a ƙasan akwatin Inna, mahaifiyarmu. Sau ɗaya a shekara ake fito da su, ranar taron tsofaffin sojoji a tsakiyar gari. Inna ta goge su da toka da lemon tsami, ta maƙala masa a ƙirjin farar rigarsa, ya fita yana dogara sanda, mu kuma muna leƙensa ta ƙofa kamar sarki ne zai wuce.

Ina da aure da 'ya'ya lokacin da abin ya faru, kuma a gabana aka yi, don ni na raka shi. A waccan shekarar an canza tsari, aka ce kowane tsohon soja sai ya nuna ɗan littafinsa na aiki kafin a ba shi kujera. Wani matashin ma'aikaci ne a bakin rumfa, da ganinsa bai kai ƙanina ba. Ya buɗe littafin Baba, ya duba shafin da ake rubuta lambobin yabo, ya ga babu komai. Ya ɗaga kai ya kalli ƙirjin tsoho.

"Papa, waɗannan ba sa cikin takardarka," ya ce da Faransanci. "Doka ta hana mutum ya sa lambar da ba a rubuta masa ba. Ka cire, ko ka koma baya."

Na fara ɗaga murya, Baba ya dafa hannuna. Ya jingina sandarsa a jikina, ya ɓalle lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu. Ya ce wa yaron, "Ka yi aikinka, ɗana." Ya tsaya a baya cikin rana har aka tashi, ya ƙi zama ko da wani ya miƙo masa kujera. Daga ranar bai ƙara zuwa taron ba, Inna kuma ba ta ƙara neman toka da lemon tsami ba.

Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Labari ya riga mu isa unguwa. Babu wanda ya fuskanci Baba da magana, amma a majalisar masu shayi an samu waɗanda suka ce ai dama a kasuwar 'yan gwangwan ake sayen irin waɗannan ƙarafa. Mutumin da 'yan kasuwa ke ba wa ajiyar mabuɗan shagunansu in za su tafi Hajji, shi ne aka wayi gari ana ɗaga gira in ya wuce. Na roƙe shi ya bar ni in bi maganar ofis-ofis. Ya ce, "Haruna, wanda ya maƙala mini su ya mutu, waɗanda suka gani sun watse. In je in roƙi yara su yarda da ni? Allah Ya gani." A haka ya rayu sauran shekarunsa, a haka ya cika.

Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo, siriri, da hular soja da ta koɗe. Bai shiga cikin masu zaman makoki ba. Ya tsaya a ƙofar gida, ya haɗa ƙafafu da ƙyar, ya sara, ya daɗe a haka hawaye na bin fuskarsa. Na je na gaishe shi da Sango, yaren mutanen ƙasar. Ya ce sunansa Andire, Kirista ne, tare suka yi soja da Baba, ya daɗe a ƙauyensu, bai jima da dawowa Bangui wurin 'yarsa ba sai ya ji rasuwar. Ya faɗa mini unguwar da yake. Na ce zan zo. Kafin in cika alkawari gari ya rikice, faɗa ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista.

Ba sai na ba mai karatu labarin abin da ya sami Bangui a waɗancan shekaru ba. Kowa da nasa tabon. Mu dai an fasa gidanmu lokacin da muka gudu muka fake kusa da masallaci, aka kwashe har tabarmi. Akwatin Inna ya tafi, gwangwanin alewa ya tafi da shi. Littafin aikin Baba kaɗai ya tsira, don Inna ta ƙulle shi a bakin zaninta tare da katin shaidarta. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga waɗannan kwanaki, lokacin da ɗan Kilomita Biyar ba ya iya tsallaka gada zuwa unguwar maƙwabta, lokacin da ko kabarinsa ba mu iya ziyarta. Wani lokaci ina ganin rahama ce Allah Ya yi masa da Ya ɗauke shi kafin nan. Mutumin da ya tsallake teku ya yi yaƙin wasu, ban san yadda zuciyarsa za ta ɗauki yaƙi a ƙofar shagonsa ba.

Da ƙura ta lafa, wata rana Inna ta kira ni ta ajiye littafin a gabana. Idonta ya riga ya fara rauni. Ta ce, "Da, ko takarda ta yi shiru, ƙarfen yana nan. Yanzu ƙarfen ya tafi. In na mutu, wa zai ce an taɓa ba shi? Shi ya hana ka, ni ban hana ka ba."

Na hau taksi-moto, wato acaɓa, na tafi neman Papa Andire, gabana na faɗuwa, domin rabona da wancan ɓangaren gari tun kafin rikici. Na same shi a kan kujerar katako ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ƙara tsufa ƙwarai, amma hankalinsa garau. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, da abin da aka yi wa Baba a bakin rumfa, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Idi aka ce ya cire lamba? Idi?" Ya ɗage rigarsa ya nuna mini wani dogon tabo a cikinsa. "An yi mana kwanton ɓauna a gonar shinkafa, ruwa har ƙirji. Harsashi ya same ni nan. Kowa ya ja da baya. Ubanka ya dawo, shi ma jini na zuba daga ƙugunsa, ya saɓa ni a baya. Ina ce masa ajiye ni ka tsira, yana ce mini rufe baki, ko huhun goron babana ya fi ka nauyi. Yana tafe yana karanta addu'arku ta Larabci, ni ina kiran Maryamu, har muka fita. Ina kwance a gadon asibiti aka zo aka maƙala masa lambobin a gadon da ke kusa da nawa. Da idona na gani."

Ina da shekara fiye da hamsin a ranar, ban taɓa jin wannan labari ba. Baba bai taɓa cewa ya ɗauki kowa ba. "An ba ni," iyakar abin da yake faɗa ke nan.

Papa Andire ya sa aka rubuta shaidarsa, ya dangwala yatsa. Daga nan na shiga zirga-zirga. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce sai an rubuta wa ma'ajiyar takardun soja a Turai, can kuma suka amsa cewa ba su da wani Idrisu Ɗanladi da aka yi wa yabo. Na sake rubutawa, aka sake ba ni amsa iri ɗaya. Sau da yawa na yi niyyar haƙura, sai in tuna tsohuwa tana jira. A ƙarshe wata ma'aikaciya mai kirki a nan Bangui ta ba ni shawarar in daina nema da suna, in nema da lambar aikinsa ta soja da sunan rundunarsu. Ashe nan gizo ke saƙa. Magatakardan da ya rubuta yabon a fagen daga bai ji sunan da kyau ba, ya rubuta Drissa Ladi. Wanda ya cike littafin sallama kuma ya rubuta sunan daidai, ya duba bai ga yabo a ƙarƙashinsa ba, ya bar shafin fari. Mutum ɗaya, lambar aiki ɗaya, suna biyu. Kuskuren alƙalami da bai ɗauki minti guda ba, shi tsoho ya ɗauka a ƙirji har kabari.

Takardar gyara ta iso shekara uku da suka wuce. Layi biyu ne aka ƙara a tarihin aikinsa, da hatimi a ƙasa. Na zauna a bakin gadon Inna na karanta mata da Faransanci, na juya mata da Hausa: cewa Kofur Idrisu Ɗanladi, duk da raunin da ke jikinsa, ya koma ƙarƙashin wuta ya ɗauko abokin aikinsa. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta karɓi takardar tana shafawa da tafin hannu, don ba ta gani sosai a lokacin. Na zaci za ta yi guɗa ko ta yi hamdala da ƙarfi. Sai ta ce a hankali, "Waɗanda suka yi masa dariya, saura nawa a raye?" Na lissafa a zuci, na ga kusan duk sun bi shi, wasu kuma rikici ya watsa su Kamaru da Chadi. Gaskiya ta zo, amma ta tarar da majalisa ta tashi. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya.

Da Baba zai leƙo yau, ban san ko takardar za ta burge shi ba. Ina jin zai karanta, ya ninke, ya tambaye ni ko na buɗe shagona da wuri. Zai fi damuwa da jikokinsa da ke amsa mini da Sango in na yi musu Hausa, da gidajen maƙwabta da har yanzu ba su da rufi, da tsofaffin abokansa da aka binne a ƙasashen da ba nasu ba. Amma na tabbata akwai wasu irinsa, a nan da sauran garuruwa, waɗanda magatakarda ya tsallake, iyalansu na riƙe da littafi mai farin shafi suna zaton babu abin yi. Gare su nake cewa: ku nemi waɗanda suka gani tun suna numfashi. Takarda tana iya jira a ma'ajiya shekara da shekaru, tsoho ba ya jira.

Bara Papa Andire ya rasu. 'Yarsa ta aiko a faɗa mini, na sa babbar rigata na tafi. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, na tsaya daga baya kusa da ƙofa. Wurin cike yake, kuma yawancinsu zuriyarsa ne: 'ya'ya masu furfura, jikoki, tattaɓa-kunne a bayan iyayensu mata. Bai yi aure ba sai da ya dawo daga yaƙi, don haka duk wanda ke wurin daga tsatsonsa bayan gonar shinkafar nan aka haife shi. Da aka fito, babbar 'yarsa ta hango ni, ta kama hannuna ta ja ni tsakiyarsu. Ta ɗaga murya da Sango ta ce, "Ku zo ku gaishe shi. Wannan ɗan mutumin da ya goyo Papa ne." Suka taso, manya da yara, suna miƙo hannu suna cewa singila, wato mun gode. Wata ƙaramar yarinya da ba ta san abin da ake yi ba ita ma ta miƙo nata.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Shagon Baba ya zama na wani, gidan da ya gina mun sake masa fasali, waɗanda suka san muryarsa suna ƙarewa. Abin da ya rage nasa a duniya na gan shi a farfajiyar cocin nan, yana tafiya da ƙafafunsa, bai ma san kamannin fuskarsa ba. Na tsaya ina karɓar gaisuwar da ba tawa ba har hannuna ya gaji.

Allah Ya jiƙan Kofur Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna a inda ba a tambayar kowa takarda.