Shuɗin da Idon Baba Bai Kama Ba

Auta ce kaɗai ta lura cewa murjanin, wato halittar teku mai rassa, da ke kusurwar hagu ta tankin kifinsu ya fara komawa ruwan ƙasa. Masu shigowa shagonsu na kifin ado, kifayen kawai suke kallo. Ita kuwa, tun da ta gama jami'a take zama a bayan kantar shagon, idonta a kan wannan reshen.

Mahaifinta, wanda duk layin ke kira Mai Kifi, asalinsa mai gyaran wutar lantarki ne. An taɓa kiransa ya ɗaura fitila a kan tankin ruwan gishiri, daga nan abin ya shiga ransa. Murjani mai rai, da haske yake rayuwa, kuma shuɗi ya fi so. Wannan reshen shekara goma sha ɗaya yana renonsa, tun bai wuce ɗan yatsa ba. Inna kan ce ko 'ya'yan cikinsa ba su ga irin wannan gata ba.

Bara ya cire tsofaffin fitilunsa masu zafi, ya sa sababbi, sirara kamar takarda. Na'urar auna hasken da ta zo a kwalin kuwa, aljihun tebur ya jefa ta. Shi da ido yake awo.

Auta ta karanta cewa duk da an inganta irin waɗannan fitilu, shuɗinsu ya fi sauran launuka saurin dusashewa, a hankali, yadda mai ganinsa kullum ba zai gane ba. Kwana uku tana juya maganar a baki.

"Baba, fitilar hagun nan ta gaji," ta ce a ƙarshe.

"Ta gaji? Noma ta yi?" Ya leƙa tankin. "Lafiyarta ƙalau. Ke dai digirin nan ne ke miki ƙaiƙayi."

Inna da ta shigo da abincin rana ta ce, "Malam, ba kai ne jiya ka fita da safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya ba?"

Auta ta buɗe aljihun tebur. Ta ɗauko na'urar, ta goge ƙurarta, ta ajiye masa a kan murfin tankin.

Sai da Inna ta fita ya ɗauka. Ya auna dama, ya auna hagu, ya sake auna dama. Hasken hagu da ƙyar ya haura rabi. 

"Da an ƙara wata guda, da na rasa shi ina kallo," ya ce.

Ya ɗaura wata fitilar, amma ya rage mata ƙarfi, don murjanin da ya saba da duhu, haske farat ɗaya ƙona shi yake yi. Sannan ya miƙa wa Auta na'urar ba tare da ya dube ta ba.

"Duk Asabar ke za ki auna. Kada ki gaya wa uwarki."

Ya wanke hannu, ya buɗe gwangwani, ya barbaɗa wa kifayen abincinsu.