Ranar da Na Kai Inna Ganin Raƙumin Dawa

Shekarar da na gama jami'a na dawo Dogon Dutsi, aiki bai samu ba, sai na ɗauko wa kaina alkawari. Wata rana Inna tana tsince wake ta ce ita tun tana yarinya take jin labarin raƙumin dawa, amma ba ta taɓa sa shi a ido ba. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, lokotoron asibiti kuma ya ce za ta ci gaba. Na ce zan kai ta gandun dajin da ke bayan Doso, inda tafkuna ke cika bayan damina, dabbobi na saukowa shan ruwa. Wataƙila da na yi shiru da ya fi, amma na riga na faɗa, kuma a gaban Kawu.

Sati uku na yi ina shiri. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na bi duk wanda aka ce ya taɓa zuwa ina yi masa tambayoyi kamar jandarma. Bakinsu ya zo ɗaya a kan cunkoso: ranar hutu motocin Yamai ke yin layi a ƙofa, masu rakiya su ƙare, wanda ya iso bayan hantsi ƙeyar mutane kawai zai kalla ya koma gida. Saboda haka na rubuta cewa za mu tashi da an sallame asuba, mu wuce Doso ƙarfe bakwai, mu tsaya bakin tafkin farko kafin tara. Na rubuta abin yi in taya ta fashe, da abin yi in ta biyu ta fashe. Har abin da zan ce wa Inna in ta tsorata na rubuta. Na yi magana da wani maƙwabcinmu direba, ya yarda zai kai mu a motarsa.

Abin da ban rubuta ba shi ne sallama. A wajenmu ba a tafiyar da ta wuce Doso ba tare da an zaga gidajen manya an shaida musu ba. Na san da haka, ba zan ce ban sani ba. Abin da na manta shi ne, duk wanda ya ce maka Allah ya kiyaye hanya, bai gama magana ba. Gwaggo ta ba ni buhun wake in kai wa ɗiyarta da ke aure a wani ƙauye, ta ce bakin hanya ne. Wata tsohuwar unguwarmu mai bori ta ba ni goro fari, ta ce in jefa wa doguwar tafkin, don ba a shiga gidan mutum hannu wofi. Kawu ya ba ni gaisuwar mutuwa in kai gidan wani abokinsa da ya rasu a ƙauyen da ke dab da gandun, ya ce da bakina zan faɗa, waya ba ta gaisuwa. Kafin magariba saƙo ya kai bakwai. Na jera su a kaye, na ba kowanne minti biyar.

Da asuba direba ya karɓi kayen ya duba, ya miƙo mini, yana kirana Mushe, yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci.

"Mushe, minti biyar ɗin nan, na tambayar lafiyar gida ne ko na shan ruwa?"

Na ce na yi lissafi. Ya ce to, madalla.

Bakin hanyar Gwaggo ashe tafiyar rabin awa ce cikin rairayi bayan an sauka daga kwalta. Ɗiyar tata ta rantse ba za mu tashi ba sai an dama fura. Da za mu tafi ta ba mu saƙon godiya zuwa ga Gwaggo, da ƙullin kuka mu kai wa surukarta a Doso. Haka aka yi kusan ko'ina, mu sauke ɗaya mu ɗauki biyu. Inna da nake zaton ita za ta riƙa gaggauta ni, ita ce ta fi kowa gyara zama. Kowane gida sai ta tambayi iyaye da kakanni, har waɗanda suka rasu sai an sake tabbatar mata. Ni kuwa ina gefe ina gyara lokuta a kaye, har takardar ta huje. A Doso muka yi azahar.

La'asar ta kusa muka iso ƙauyen abokin Kawu. Na yi tunanin mu wuce, in ce wa Kawu ban gane gidan ba. Na auna, na ga ba zan iya kallon idonsa ba. Inna ta ce ƙafafunta sun yi tsami, za ta jira a mota, ƙarƙashin wani gawo a gefen gonar wake. Na shiga ni kaɗai. An yi addu'a, na yunƙura zan tashi, wani baƙo ya shigo aka sake daga farko. Sau huɗu, in ban manta ba. Ina shafa fatiha ina leƙen agogo ta ƙarƙashin hannun riga, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da na fito, motocin Yamai ne ke ta wucewa a jere, suna komawa. Direba ya ce ko mun je yanzu an daina shiga. Na durƙusa bakin ƙofar mota na fara ba Inna haƙuri, da kalmomin da ban tanada a kaye ba.

"Haƙurin mi?" in ji ta. "Na gan su. Uku, guda da ɗanta. Nan ga gawon nan sunka tsaya."

Na dubi direba. Ya ce wallahi haka aka yi, sun fito ta cikin gonar, sun ci ganye sun wuce, har Inna ta yi musu sannu. Na tambaye ta a hankali ko dai ta tabbata ba raƙuman makiyaya ba ne.

"Kai da karatunka, ka taɓa ganin raƙumi da zane? Idona rauni ya yi, bai mutu ba."

Tafkin dai ba mu gan shi ba. Goron tsohuwa a wani kududdufi na bakin hanya na jefa shi, ina fatan doguwoyi na aika wa juna saƙo kamar mu. Ban gaya wa tsohuwar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Daga baya yanar ta gama rufe idon Inna. Har yanzu in baƙi sun zo takan ba su labarin, kuma ina lura dabbobin na ƙara tsawo kowace shekara. Ba na gyara mata, tun da ni ban gani ba, ina ciki ina addu'a. Kayen yana nan. A gaban layin da na rubuta raƙumin dawa na daɗe ban san abin da zan sa ba. Ƙarshe dai na sa alamar an yi, amma da fensir.