Kunnuwan Teri

Shekara ashirin da shida Bu Warsiti ta yi tana tsaga kifi tana barbaɗa masa gishiri a bakin tekun Jakarta, kafin a rushe unguwarsu a kwaso su zuwa benen hayar gwamnati. Ɗakin ƙasa aka ba ta, don ƙafarta ta hagu ba ta hawa matakala. Kayanta ko amalanke ba su cika ba. Ƙwanƙwasar ƙofar ce kawai ta biyo ta ba a gayyace ta ba.

Sau uku, da bayan hannu, yadda mijinta Darkim, wanda take kira Mas, yake yi in ya dawo daga kamun kifi. Darkim kuwa ruwa ya ci shi shekara tara da suka wuce, ko gawarsa ba a gani ba. Da yake ita kaɗai ke jin ƙwanƙwasar, likita ya ba ta ƙwayoyi, ya haɗa mata da takarda mai sunan ciwonta. Takardar ta ninke ta tura ƙasan gwangwanin biskit. Ta san sunan da matan bakin famfo za su laƙaba mata.

Abin da ƙwaya ta kasa, Teri ta yi shi, wata ramammiyar kyanwa mai guntun wutsiya. In aka ƙwanƙwasa, Warsiti ba ta duban ƙofa, kunnuwan Teri take duba. In sun juya, mutum ne. In ba su motsa ba, sai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Dokar benen kuwa ta hana ajiye dabba.

"Bu, an fara zagayen duba ɗakuna," in ji Yuyun, mai soya ayaba a hawa na biyar. "Kawo 'yar gatan nan taki in kai wa ƙanwata, kwana goma kacal."

Warsiti ta yi godiya. Ta ga yadda idon Yuyun ke auna bakin ƙofarta, inda teburin ayaba zai zauna daram, amma ta miƙa mata kyanwar.

Ranar Litinin da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ta dubi tabarmar Teri, wayam. Ta zauna tana riƙe da gwiwarta har sawun ya tafi, in ma sawu ne. Ranar Laraba ma haka. Da azahar aka turo takarda ta ƙasan ƙofa: in aka dawo karo na uku ba a buɗe ba, ɗakin ba kowa ke nan, za a ba na gaba a layi. Ba ta bukaci a faɗa mata ko wace ce ba.

Motar haya biyu ta hau ta ɗauko Teri daga wurin ƙanwar Yuyun cikin kwandon kifi.

"Au, Bu, kin gaji da ɗakin ne?" Yuyun ta leƙo daga sama.

"Mbak Yuyun, ayabarki na ƙonewa."

Ranar Juma'a kunnuwan suka juya. Warsiti ta buɗe, kyanwa a hannu ɗaya, takardar likita a ɗayan. Pak Hendrawan, mai kula da benen, ya karanta a tsaye, mata uku suna miƙo wuya ta bayansa.

"Mu ne muka zo sau biyu, Bu."

"To, yanzu na sani, Pak. Kyanwar ba ta nan, balle ta gaya mini."

Ya daɗe yana kallon Teri. "Zan kai takardar ofis. Ɗaki dai naki ne. Ita kuwa, yau ban ga komai ba."

Kafin la'asar sunan da take gudu ya kai hawa na biyar. Ta ji shi ta taga, tana tsinkar ganyen kangkung na miya.

Sai aka ƙwanƙwasa, sau uku, da bayan hannu. Teri na kwance, kunnuwa ko gezau. Warsiti ta jima tana kallonsu, fiye da yadda ya kamata, ko za su juya sau ɗaya tak.

"Ba yau ba, Mas," ta ce wa ƙofar, ta koma kan ganyenta.