Kunnen Hagu na Baba Maliki

A ƙauyenmu na bakin tafki, cikin ƙasar Ngaski, gona aro ce. Ruwa ya rufe ta rabin shekara, idan ya ja baya ya bar mana laka mu dasa albasa. Matsalar ita ce ruwa ba ya barin iyaka. Turakun da muka kafa bara, wasu su ruɓe, wasu su bi igiyar ruwa. Shi ya sa kowace shekara sai an nemi Baba Maliki.

Gajere ne, mai tafiya kamar ba ya son isa inda za shi. Yana yaro aka taso iyayensa daga gungunsu, wato tsibirinsu, lokacin da ruwan dam ya cinye shi, kuma tun daga nan ya riƙe gonar kowa a ka. Ba sarauta gare shi ba, ba karatu mai zurfi ba. Abin da ya iya shi ne zama. Idan rigimar iyaka ta tashi, sai ya ajiye har sandarsa a gida, ya je ya zauna daɓas cikin laka, daidai inda ya san turken yake, ya ƙi tashi. Muna yi masa dariya, muna ce masa Maliki Zauna. Amma bai taɓa cewa wanda aka zalunta ya yi haƙuri ba. Cewa yake haƙurin da ake ɗora wa mai rauni kaɗai ba zaman lafiya ba ne.

Ni ne Yusha'u, kuma ni na jawo masa abin da ya same shi.

Shekara shida ke nan. Gonarmu tana maƙwabtaka da ta Hansatu, matar marigayi Bitrus. Ranar kasuwar Yelwa, da kowa ya haye jirgi ya tafi, na cire turken da ke tsakaninmu na matsa shi taku huɗu cikin nata. Taku huɗu fa! Na ce a raina mace ce, ba za ta lura ba. Ta lura. Washegari ƙanen mijinta Andrew ya zo da 'yan'uwansa, kowa da adda. Ni kuwa na kama hannun ƙanena Faruk na rantse masa cewa turken yana inda ubanmu ya bar shi. Faruk bai taɓa jin na yi ƙarya ba. Ya ɗauki gorar tuƙin jirgi ya tara mutanenmu.

Muna isa muka tarar da Baba Maliki zaune, ba a gindin turken ba, taku huɗu cikin abin da nake kira namu.

"Baba, tashi daga gonarmu," in ji Faruk.

"Ɗana, nan turken yake tun ba a haihe ka ba. Ƙasar da ruwa ka ara muna wata shidda, ita za ku kashe juna a kai?"

Wani daga cikin mutanen Andrew ya yi ihu, aka yunƙuro daga gefe biyu, Faruk ya kai duka. Gorar ta sauka a gefen kan tsohon. Ya faɗi, jini na fita daga kunnensa na hagu. Na ɗauka shi ke nan, yau sai gawa. Sai ya dafa laka ya miƙe zaune, ya ja jiki ya koma daidai wurin da yake, ya ɗaga hannu ga Andrew.

"Kowa yat taɓa yaron ga, ni yat taɓa."

Babu wanda ya san yadda zai yi da addar da ke hannunsa. Faruk ya yar da gorar. Da hannunsa ya cire turken ya kawo shi gaban tsohon. Mutane suka ce ai ruwa ne ya gusar da shi, ni ma na gyaɗa kai tare da su. Baba Maliki ya dube ni sau ɗaya.

Ya ƙi a kai ƙara. Kunnen kuwa ya mutu. Faruk bai iya haɗa ido da tsohon ba, kuma duk inda ya bi sai a nuna shi, ga wanda ya kurmantar da tsoho. Kafin a cire albasa ya tattara ya koma Shanga wurin noman shinkafa. Ko da Inna ta rasu bai kwana biyu a gida ba. Har yau yana ganin zafin zuciyarsa ne ya jawo komai.

Bara na tarar da Baba Maliki yana gyaran taru a inuwa. Ina jin kunyar faɗin wannan: da gangan na zagaya na zauna a hagunsa. Na sunkuyar da kai na zayyana komai cikin mataccen kunnen, ranar kasuwa, turken, rantsuwar. Na ji sanyi a raina, wai na yi ikirari.

Bai ɗago daga tarun ba.

"Yusha'u, ban ji mi kac ce ba, amma na san shi tun rannan. Ni na yahe. Kunne guda ya ishe ni jin kiran salla. Wanda ka ɗora ma kayanka yana Shanga."

Ya rasu da damina. Bana da ruwa ya ja baya, mutane suka tsaya cirko-cirko a bakin laka, babu mai zama. Hansatu ce ta nuna min turkenmu, ta ce yana daidai, ta gode.

Sau biyu ina hawa mota zuwa Shanga. Na farko na sayi buhun shinkafa na juyo. Na biyu na kai har ƙofar gidan Faruk, ya fito da gudu ya rungume ni, yana tambayar ko Baba Maliki ya ambaci sunansa kafin ya cika. Na duba damansa, na duba hagunsa. Kunnuwan Faruk duka biyu lafiyarsu ƙalau, babu mataccen da zan raɗa wa.