Gwangwanin Malam Mato

Shekara ashirin da biyu Malam Mato na Zinyau ya yi yana share ɗakin kimiyya na wata sakandare a Rano. A nan wani malami ya koya masa adana malam-buɗe-littafi. Idan an kamo shi, ba a barinsa ya bushe, don fukafukansa za su ƙage, da an zo shimfiɗa su a kan allo su kakkarye. Sai a zuba yashi mai danshi a gwangwani, a ɗora takarda, a jera su, a jefa kafur saboda fumfuna, a rufe.

Da ya yi ritaya ya koma noma, amma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji wannan karatu.

Wata damina 'yarsa Afra'u, wadda ke jami'a, ta bugo waya an ce kowa ya kawo malam-buɗe-littafi guda arba'in don jarrabawa.

"Wannan ai aikina ne," in ji shi. "Ki zo ranar Juma'a kawai."

Ya ɗinka raga da tsohon gidan sauro, ya yi kwana huɗu yana bin fadama har gefen Kibiya, mutane na yi masa dariya. Duk wanda ya kama sai ya sa a gwangwani.

Da safiyar Juma'a Afra'u ta iso. Ya buɗe gwangwanin da alfahari, sai wari ya bugo su. Fumfuna ta rufe su fari fat. Ya juya kan matarsa Barira, wadda ke tankaɗe a gefe.

"Ke kika buɗe! Ba na ce kada kowa ya taɓa ba?"

"Malam, ban taɓa ba."

"To aljani ne?"

Barira ta ci gaba da tankaɗenta. Afra'u ta sunkuyar da kai, ta koma makaranta da yamma hannu wofi.

A ranar, bayan an idar da sallah, ya sa hannu a aljihu zai ba wani makaho sadaka, sai ya taɓo ƙullin leda. Kafur ne, guda uku, yadda ya sayo su. Bai taɓa saka su ba.

Kwana biyu yana cin tuwon Barira ba ya iya ɗaga ido. A na uku ya ajiye ƙullin a gabanta.

"Barira, laifina ne. Ki yafe mini."

Ta dubi ledar, ta dube shi. "A gaban yarinya ka faɗa, Malam."

Ya gane. Ya kira Afra'u, ya buɗe muryar wayar don Barira ta ji, ya faɗi komai. Can ta ce, "Ba komai, Baba," amma ya ji ita ma kunya take ji.

Ya sake shiga fadama, ya samo ashirin da bakwai kafin lokaci ya ƙure. Da su ta ci jarrabawar, da ƙyar. Har yanzu ɗalibai kan zo Zinyau neman taimakonsa, yana kuma nuna musu, sai dai a taƙaice.