Amshi Tsakanin Tebura Biyu

A shekarun mulkin gurguzu, da kowa ya koma “kamarad” a Kwatano, har mai sayar da gawayi, ina da rumfar gyaran rediyo a Zongo. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Mutum ɗaya nake ɗaga wa ƙafa, wani dattijo mai gurmi da ke waƙa a bukukuwan ’yan gwanjon kasuwar Misebo. Ƙanensa ne ke yi masa amshi tun suna samari, sai zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Daga nan tsohon ya rataye gurmi. An kawo masa masu amshi har uku, ya kore su. Ga sunan jikarsa saura mako, ’yarsa kuma ta rantse ba wanda zai yi waƙa sai shi.

Ina da manyan rikoda biyu masu faifan zare, da na tsinta a kayan wani Bature da ya tattara ya tafi. Na ɗora kowace a teburinta, na ja zaren daga ta farko zuwa ta biyu. Ta farko tana ɗauka, ta biyu tana maido abin da aka ɗauka bayan ɗan jim. In ka nisanta teburan, muryar ta ƙara jinkiri. Wasa nake da su in ba aiki, ina tari suna mayar mini.

Da hantsi na je na jawo shi, yana ta mita.

“Ni za ka mai da abin dariya, mai rediyo?”

“Baba, zauna dai. In bai yi ba ka zage ni, ai ka saba.”

Ya kaɗa gurmi ya ja baiti ɗaya, a gajarce, don ya rabu da ni. Muryar ta dawo ta faɗo masa a tsakiyar magana. Ya harare ni. Na ja tebur, muka sake. Sau wajen goma muna haka, gumi har cikin idona, ina tsine wa Baturen da rikodarsa a zuci.

Can sai ta zauna daidai. Ya ja, aka amsa. Ya sake ja, aka amsa. Bai taɓa jin muryarsa daga waje ba, bai san cewa ita ce ta ƙanensa sak ba. Mu mun sani tuntuni. Hannunsa ya tsaya a kan gurmin. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa, na miƙa hannu zan kashe.

“Bar shi,” ya ce.

Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara zama, ya dubi tazarar da ke tsakanin teburan.

“Ƙara matsar da teburin kaɗan, ɗana. Kamar taki ɗaya. Shi yakan ɗan makara.”