Koren Zaren Baba Mai Guga

Baba Mai Guga ya riga ni shiga shagon wankinmu. Mahaifina ne ya ɗauke shi tun ina firamare, na girma na gaji shagon, na same shi a teburinsa na kusa da taga, da tsohon dutsen gugarsa mai nauyin tsiya. Gajere ne, mai ƙaramar murya, ba ya ɗora dutse a kan riga sai ya laluba aljihunta, ya shafa yadin da bayan hannu. Da wannan aikin ya yi wa 'ya'ya biyar karatu. Abin alfaharinsa guda ne: shekara ashirin da shida bai taɓa ƙona tufar kowa ba. In abokan aiki suka tsokane shi wai ya fi lallashin kwalar riga a kan matarsa, sai ya ce, "Ita ai tana magana in ta ji zafi. Riga kuwa sai dai ka ji ƙauri."

Ni kuma na zo da rawar kai. Na gaji da jin "ba ni ba ne" duk sanda kaya suka ɓaci, sai na kafa doka: kowa da launin zarensa, ya ɗaura a maɓallin rigar da ya karɓa. In aka samu matsala, mai zaren ne zai fito ya ba mai kaya haƙuri da bakinsa. Baba ya zaɓi kore. Shi kaɗai ya yaba da dokar.

Wata Talata ya nemi izinin zuwa asibitin ido, ya bar rigar wata malamar makaranta a kan teburinsa, ya ce ya kusa gamawa. Ita za ta sa a taron sallamarta daga aiki. Na ce bari in ƙarasa, guga ai ba karatun likita ba ne. Waya ta yi ƙara, na juya na bar dutsen a kan rigar, na dawo na tarar da tabo ruwan ƙasa a kafaɗa. Na ninke rigar, tabon a ciki, na sa a leda. Koren zaren yana nan a maɓalli.

Da malamar ta buɗe ledar a gabanmu, sai ta ɗaga zaren ta ce, "Wannan na waye?" Na kau da kai. Baba ya fito, ya daɗe yana duban tabon, ya dube ni, sannan ya rusuna ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Laifina ne."

"Tsufa ba laifi ba ne, Baba," in ji ta, "amma in ido ya gaji a huta."

Bayan sati biyu ya ajiye aiki. Ban hana shi ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa ya sani, wannan kallon da ya yi mini ai na rufin asiri ne, dattijo ya ɗauke wa ɗan maigidansa kunya. Da wannan ƙaryar na riƙa lallashin zuciyata wata takwas, ina tsaye kullum ina yi wa ma'aikata wa'azin amsa laifi. Kunya nake ji har yau in na tuna.

Ranar da abin ya ishe ni, na je gidansa. Na same shi a ƙofar ɗaki yana gyara wa jikarsa takalmi, ido ras, har yana zura zare a allura. Na zauna, na ce, "Baba, na zo in gode maka da ka rufa mini asiri a kan rigar nan."

Ya ajiye takalmin. "Wane asiri?"

Na gaya masa komai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ashe kai ne," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka na ƙona ta ban gani ba. Likita ya ce idona lafiya lau, na ce bai san aikinsa ba." Ya juya tafin hannunsa yana kallo. "Ka san tun ranar ko kayan makarantar yarinyar nan ban yarda na goge mata ba?"